Jiran Komowar Annabi Isa: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya zaga ƙasar Zugu cikin 'yan shekarun nan, tun daga Anka zuwa Bukkuyum har ya gangara Gummi, ba zai rasa jin wata magana guda a bakin jama'a ba, watau wai duniya ta zo ƙarshe. Ana yinta a kasuwa, ana yinta a tashar mota, har ofisoshi da ɗakunan hutawar malaman makaranta ba ta bari ba. Musulmi ya ce alamun tashin ƙiyama sun cika, saura bayyanar Mahadi da saukowar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Kirista kuwa, ko ɗan ƙasa ko wanda aiki ko ciniki ya kawo daga Zuru ko daga Kudu, ya ce zuwan Almasihu na biyu ya ƙarato.

Ba mu ga laifin mutane ba. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, nan maƙwabta. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kisan da har yau ba a manta ba. A watan Agusta na 2024 kuma ruwa ya ci gidaje masu yawa a Gummi. Wanda idonsa ya ga wannan duka, in ya ce ƙarshen zamani ne, ba a ce masa wawa.

Abin da ya dame mu shi ne abin da a ke aikatawa da maganar. Akwai uban da za a ce ya kai ɗansa makaranta, sai ya ce, "Me ya rage a duniyar?" Akwai malamin da zai bar yara suna ta surutu a aji, yana gindin itace yana lissafa wa abokansa alamun ƙiyama. Akwai kuma akawun da ya mai da ita hujjar cin amana, wai tun da komai ya lalace kowa ya ɗebi rabonsa. Saboda haka muka ga ya kamata mu tsaya mu duba: in dai da gaske jira mu ke yi, wane irin shiri ne a ke bukata ga mai jira?

Abin Da Kowane Sashe Ya Gaskata

Kirista sun gaskata cewa Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku, ya hau sama, kuma zai komo a fili ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Wannan yana cikin shahadar bangaskiya da manyan ikilisiya suka amince da ita a garin Nikiya a shekarar 325, har yau kuma ana karanta ta a majami'u da yawa ran Lahadi. Katolika da Angilika ma sun keɓe Lahadi huɗu kafin Kirsimati don tunawa da wannan zuwa da yin shiri dominsa.

Musulmi kuwa sun gaskata cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Zai sauko a Dimashƙa ta ƙasar Sham, ya kashe Dujal, ya yi hukunci da adalci bisa shari'ar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'an nan ya rasu kamar sauran 'yan Adam.

Bambancin nan ba ƙarami ba ne, ba mu kuwa da niyyar ɓoye shi ko shafe shi. Amma akwai abu biyu da sassan nan suka haɗu a kai. Na fari, zai zo. Na biyu, ba wani mahaluƙi da aka ba sanin ranar. Linjila ta nuna ko mala'iku ba su san ta ba, ta kuma kwatanta zuwan da shigowar ɓarawo cikin dare. Alƙur'ani mai girma ya nuna sanin Sa'a yana wurin Allah shi kaɗai. To, in ranar a ɓoye ta ke, ashe shiri ba zai zama lissafin kwanaki ba. Tilas ya zama wani abu dabam.

Misalai Uku Na Linjila

Yana da kyau malamanmu su san yadda littafin Kirista da kansa ya bayyana wannan shiri, domin da yawa suna zato wai zaman jiran gawon shanu ya ke koyarwa. A cikin Linjilar Matta, sura ta 25, an jera misalai uku.

Na fari labarin 'yan mata goma ne da suka fita da fitilunsu taryen ango. Biyar sun riƙo mai na ƙari a kwalba, biyar ba su riƙo ba. Ango ya yi jinkiri, har barci ya kwashe su duka. Da tsakar dare aka yi shelar isowarsa, sai marasa guzurin mai suka ga fitilunsu na mutuwa. Kafin su je su sayo su komo, an shiga gidan biki an rufe ƙofa. A lura da kyau: barci ba shi ne laifin ba, gama duka goman sun yi barci. Laifin shi ne biyar ɗin nan sun yi shirin ango mai zuwa da wuri, ba su yi shirin ango mai jinkiri ba. Masu hankalin su ne waɗanda suka ce a ransu, wataƙila daren ya yi tsawo.

Na biyu labarin maigida ne da zai yi tafiya, ya raba wa barorinsa uku jari, wannan kashi biyar, wannan biyu, wannan ɗaya. Biyu suka juya nasu ya riɓanya. Na ukun ya haƙa rami ya binne nasa, ya zauna yana jira. Da maigida ya komo bayan an daɗe, wanda ya binne ɗin nan shi aka kora, ko da ya ke bai ci ko anini ba. Zaman da ya yi da jarin shi ne laifinsa.

Na uku kwatancin ranar shari'a ce kanta. Abin da aka nuna za a bincika shi ne yadda mutum ya yi da mayunwaci, da mai ƙishirwa, da baƙo, da marar tufa, da majinyaci, da ɗan kurkuku. Ba a ce za a tambayi wanda lissafinsa na shekaru ya fi dacewa ba.

Tun zamanin farko ma an sami masu juya maganar. A Tasalonika, wani birni na ƙasar Girka, waɗansu masu bi suka bar sana'a, suka zama nauyi a kan 'yan'uwansu. Manzo Bulus, wanda shi kansa da ɗinkin alfarwa ya ke ciyar da kansa, ya rubuta musu ya tsawata, ya hana a riƙa ciyar da mai ƙin aiki da gangan.

Musulmin da ya ji wannan ba zai ji shi baƙon abu ba. Sa'ad da wani Balaraben ƙauye ya tambayi Annabi yaushe ne tashin ƙiyama, ai juya masa tambayar aka yi zuwa ga guzurin da ya tanada. Akwai kuma hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito, mai umurtar wanda Sa'a ta riska da dashen dabino a hannu ya dasa shi in ya sami iko. Kowa kuwa ya san dabino ba a shekarar da aka dasa shi a ke shan 'ya'yansa ba.

Masu Yanka Rana

Duk da wannan gargaɗi, ba a taɓa rasa masu yanka rana ba. A Amurka wani manomi mai wa'azi, Wiliyam Mila, ya yi lissafi daga littafin Annabi Daniyel, har mabiyansa suka tsai da ran 22 ga Oktoba, 1844, cewa ran nan Almasihu zai bayyana. Dubban mutane suka gaskata. Waɗansu suka bar amfanin gona bai girbu ba, waɗansu suka rabar da dukiya. Rana ta fito ta faɗi, gari ya waye kamar kullum, ga hunturu ya ƙarato, ga rumbu wayam. Amma daga cikin waɗanda suka sha wannan kunya aka sami waɗanda suka yi hankali, suka bar sa rana, suka kafa ikilisiyar masu kiyaye Asabar a 1863. Ba su bar jira ba, sai dai suka mai da jiran gina makarantu da asibitoci. Sun iso Nijeriya a 1914, asibitinsu na Jengre a ƙasar Filato kuwa sananne ne ga mutanen Arewa.

Inda ba a yi hankali ba, abin ya kan ƙare da jini. A Kanungu ta ƙasar Uganda wata ƙungiya ta ce duniya za ta tashi da ƙarewar 1999. Mabiya suka sayar da abin hannunsu suka miƙa wa shugabanni. Da ranar ta wuce, ran 17 ga Maris, 2000, aka ƙone ɗaruruwansu cikin ɗakin sujada, da aka haɗa da gawawwakin da aka tono daga baya mamatan suka haura 700. Kada Musulmi ya ce wannan ciwon na waɗansu ne. Ran 1 ga Muharram, 1400, watau 20 ga Nuwamba, 1979, waɗansu suka kame Masallacin Harami a Makka da bindigogi, suna cewa Mahadi na tare da su, aka yi mako biyu ana zub da jini a wuri mafi alfarma.

Gani Ga Wane

Ba sai mun je nesa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya rayu a lokacin da jama'a ke ɗokin bayyanar Mahadi, gama ƙarni na 13 na Hijira ya kama. Mutane da yawa suka ce shi ne. Da Shehu mai son girma ne, da shiru kawai zai yi, magana ta zauna. Amma ya fito fili ya ce ba shi ba ne, ya kawo dalilai, har da cewa shi a Maratta aka haife shi, ba a Madina ba. Ya kuma rubuta littafi musamman yana yi wa 'yan'uwa kashedi game da masu da'awar Mahadanci. Shi da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun gaskata zamani ya yi nisa, duk da haka suka yi ta rubuta littattafai, suna karantar da maza da mata, Bello kuma yana kafa garuruwa. Wanda ya tabbata gobe za a tashi, in ya fahimci shiri kamar yadda malalata suka fahimce shi, ai ba zai gina birni ba.

Sai kuma Satiru, wani ƙauye wajen mil 14 daga Sakkwato. A 1904 mai garin ya ce shi ne Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, aka riƙa cewa shi ne Isan da a ke jira. Wani malami da a ke kira Ɗan Makaho ya zo daga ƙasar Faransi ya ƙara wa wutar itace. Talakawa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu suka taru. Ran 14 ga Fabrairu, 1906, da gatura da fartanya da kibau suka karya sojan doki na Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. Suka ɗauka alkawari ne ya cika. Ran 10 ga Maris sojoji suka komo da manyan bindigogi, aka kashe mutane wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu kuma ya la'anci duk wanda zai sāke gini ko noma a wurin. Ba mu ce kukan mutanen Satiru na banza ba ne, gama zalunci suka gani suka tashi. Ba mu kuma wanke Turawa daga wannan kisan gilla ba. Amma wanda ya ce musu lokaci ya yi, ya faɗi abin da bai sani ba, talakawa kuwa su suka biya da rayukansu.

A gwada wannan da labarin Isawa. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an yi wani Malam Ibrahim wanda ya dage kan girman Annabi Isa da batun komowarsa. Aka kashe shi a kasuwar Kurmi wajen 1867, almajiransa suka watse, da yawa suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila na Mishan a Zariya, wanda suna ne kawai ya haɗa shi da wancan na Amurka. Suka shiga addinin Kirista, suka kafa gari a Gimi. Ciwon barci ya faɗa musu ya kashe da yawa, aka kwashe yaran da suka ragu zuwa makaranta a Zariya, daga baya Mishan ɗin ta koma Wusasa a 1929. Daga wannan 'yar ƙaramar jama'a ta Wusasa aka sami Dokta Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ba muna yanke hukunci a kan addinin kowa ba ne. Abin da mu ke nunawa shi ne, ga masu jira iri biyu a ƙasa guda: waɗansu jiransu ya bar kufai, waɗansu ya bar likitoci da malamai.

Wata Tambaya Mai Nauyi

Wani zai ce, "Ai kun mai da al'amarin lahira na duniya. Shirin gamuwa da Ubangiji a zuci ya ke, ba a ofis ba." Gaskiya ne a zuci ya ke farawa. Kirista zai ce tuba, da bangaskiya, da addu'a, da yafe wa wanda ya yi maka laifi. Musulmi zai ce tuba, da tsai da salla, da mayar da haƙƙin mutane. Wanda ya rasa waɗannan, ko ya fi kowa ƙwazo a ofis, fitilarsa ba mai. Amma abin da ke cikin tukunya, ai a murfi a ke ganin tururinsa. Yaya za a ce zuciya ta shirya, alhali takardar fanshon wani tsoho ta yi wata shida a ƙarƙashin tebur, ana jira ya kawo goro? Tsohon nan fa shi ne mayunwacin da aka ambata a misali na uku. Waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu suka cika Anka da Gummi kuwa, su ne baƙin.

Mu da aikinmu ya haɗa da zagayen makarantu mun san makaranta iri biyu. Akwai wadda sai ta ji ƙishin-ƙishin sufeto na tafe za a hau shara, a cika rajistar wata uku cikin dare ɗaya, a aro yara daga unguwa a cika benci. Hedimastan irin wannan makaranta kullum tambayarsa ita ce, "Yaushe zai zo?" Akwai kuma wadda ko da wane lokaci aka faɗo mata, za a tarar an kira suna, malami na gaban allo, littattafan yara an duba. Hedimastanta bai damu da ranar ba. Haka ma'ajin da littafin kuɗinsa ke daidai, ba ya rasa barci don odita. Yawan tambayar rana, sau da yawa, alama ce ta cewa akwai abin da ba a gyara ba.

A tuna da yadda aka yi da gubar dalma. Duwatsun zinariya ne a ke daka su a niƙa cikin gidaje, ƙurar mai ɗauke da dalma ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Da an naɗe hannu an ce annobar ƙarshen zamani ce, da yaran 'Yar Galma da Dareta da Abare sun ci gaba da mutuwa. Amma likitocin sa kai na ƙungiyar MSF, da ma'aikatan lafiya na ƙasa, da masu gari, da samarin ƙauyukan, suka tashi. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka binne, aka zubo sabuwa, aka ba yara magani, mace-macen suka ragu ƙwarai. Bagega kuwa sai 2013 aka kai gare ta, don kuɗin aikin sun makara, yaranta kuma suka yi ta shaƙar guba cikin shekarun jiran. Mai riƙe da alƙalami a ofis ya dubi wannan, ya san jinkirin takarda ba ƙaramin abu ba ne.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Muna roƙon malaman makaranta, Musulmi da Kirista, su koya wa yara alamu uku na mai ruɗi, ko da wane littafi ya riƙo. In ya yanka rana, ya faɗi abin da littafinsa ya ce ba a sani ba. In ya ce a sayar da gona ko shanu a kawo masa, a tambaye shi me zai yi da kuɗi a duniyar da ya ce ta ƙare. In ya ce a bar makaranta, a guji iyaye, a ɗauki makami a kan maƙwabci, to, a tuna da Kanungu da Satiru. Yaran da ke aji ɗaya yau, in Allah ya ja kwanansu, su ne dattawan da za su ga shekara ta 1500 ta Hijira, wajen 2076. Mun kuwa ga abin da ya faru da kamawar 1400. Rigakafin wancan lokaci a ajin yau a ke yinsa.

Muna roƙon limamai da fastoci kada su bar wa'azin ƙarshen zamani, gama mantawa da shi ke sa zuciya ta bushe. Amma in sun tsoratar, su ƙarasa da aiki: a biya bashi, a mayar da gonar marayu, a shirya da ɗan'uwa, a sa yaro makaranta, a duba majinyaci.

Akawuna da sauran ma'aikata kuma su sani, ko Annabi Isa bai sauko a zamaninmu ba, akwai baƙon da ba ya saɓa alkawari, ba ya kuma aiko da takardar sanarwa. Duk wanda ya mutu, tasa ƙiyamar ta tsaya. Tun da haka ne, kowa ya bar teburinsa da yamma kamar wanda wani ne zai buɗe shi da safe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kawo wa ƙasar Zugu da Zamfara baki ɗaya zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa ranar da za a zo mana a same mu a kan amanarmu, amin.